Kafin a zuba ruwa: Yadda ake haɗa teburin katakon da zai iya ɗaukar tankin kifi

Da za a tare ɗan garuwa a ƙofar gida, a ce ya sauke jarka goma ya jera su a kan teburin talabijin da ke falo, mai gidan ne zai fara cewa a'a. Ya san teburinsa, ya kuma san nauyin jarka.

Amma mutumin nan, idan ya sayo tankin gilashi na kifin ado mai tsawon ƙafa huɗu, yana iya ɗora shi a kan wannan teburin, ya jawo tiyo ya cika shi, hankalinsa kwance. Ruwan da ya zuba kuwa kusan na jarkokin nan goma ne.

Lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 45, zurfi 45 yana cin lita 243 idan aka cika shi har baki. Gilashi mai kaurin milimita 10 kuma, kowace murabba'in mita tasa kilo 25 ce, don haka tankin shi kaɗai, babu ko ɗigon ruwa, ya kai kilo 50. A ƙara tsakuwa da duwatsun ado da murfi da fitila, a cire ɗan abin da aka bari a sama ba a cika ba, za a tashi da wajen kilo 300.

Buhun siminti shida ke nan. Kuma ba na yini ɗaya ba ne. Nauyi ne da zai zauna wuri guda dare da rana, shekara da shekaru, a ɗakin da yara ke guje-guje.

Mai sayen tanki yakan ɓata lokaci wajen zaɓen launin kifi da fitila da furannin roba. Abin da tankin zai zauna a kai shi ake bari sai ƙarshe, sau da yawa a miƙa wa kafintan unguwa da umarnin a yi ɗan teburi mai kyau. Kafintan zai yi mai kyau ɗin. Sai dai ba a gaya masa buhu shida zai ɗauka ba.

Dalilin da ya sa gilashi ke da tsiwa

Ajiye kifi don kallo tsohuwar al'ada ce. Mutanen China sun fi shekara dubu suna kiwon kifin nan mai ruwan zinare, a tafkuna da manyan tukwanen tangaran, ana leƙa shi ta sama. Kallon kifi ta gefe, ta cikin gilashi, ya yi tashe ne a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo, shekara guda bayan haka masanin halittu Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya sa gidaje suka kama yayin.

Tankunan wancan zamani suna da firam na ƙarfe, shi ke riƙe gilashin. Daga shekarun 1960, da gam ɗin silikon ya yaɗu, aka koma manna gilashi da gilashi kai tsaye. Irinsu ne masu yankan gilashi ke haɗawa yau a garuruwa da dama: falle biyar na gilashi, ba abin da ke riƙe da su sai siririn layin silikon.

Irin wannan tanki yana iya jure turin ruwa idan yana zaune a shimfiɗe. Abin da ba ya jurewa shi ne murɗewa. Idan kusurwa ɗaya ta teburin ta yi ƙasa da sauran ukun, ko tsakiyarsa ya lotsa, nauyin ruwa zai tilasta wa gindin tankin bin wannan karkata. Katako yana lanƙwasa ya haƙura, gilashi kuwa ko dai ya tsage ko ya yi ta jan silikon ɗin a hankali har mahaɗar ta buɗe. Ba lallai abin ya faru a makon farko ba. Yana iya ɗaukar watanni, shi ya sa idan ya faru ake ɗora laifin a kan mai gilashi, alhali teburin ne ya ci amana.

A kasuwar 'yan katako

Aikin yana farawa ne daga zaɓen katako. Wanda ya shiga kasuwa irin ta 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano zai tarar da fari da ja, tu-bai-tu, tu-bai-tiri da tu-bai-fo. Na ƙarshen shi ne ya dace da wannan aiki. Sunan inci biyu da huɗu ne, amma ainihin girman ya danganta da injin da ya yanka, don haka a je da tef a auna, a kuma ɗebi masu kauri ɗaya.

Mutane da yawa suna ɗauka farin katako mara nauyi, irin obeche, ba zai iya ɗaukar tanki ba. A tsaye yana iyawa. Guntun tu-bai-fo da bai kai mita ba, idan yana tsaye sak, zai ɗauki fiye da tan guda. Rauninsa a wani wuri yake: ba ya riƙe sukuru da kyau, ba ya son laima, gara kuma tana sonsa. Maɗaci da iroko sun fi shi jure duka ukun, sun kuma fi shi tsada da wuyar hudawa. Wanda aljihunsa bai kai ba zai iya aiki da farin, muddin zai kare shi daga ruwa.

Abin da ya fi irin itacen muhimmanci shi ne bushewarsa. Yawancin katakon da ake sayarwa a Arewa daga dazukan Kudu ake kawo shi, wani yakan iso da ɗanyensa. Ɗanyen katako idan ya gamu da hunturu sai ya tsuke, kuma ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe. Yana gantsarewa, yana murɗewa. Teburin da aka haɗa da shi a watan Agusta yana zaune daram, zuwa Janairu ana iya samun ƙafa ɗaya tana reto. A ƙarƙashin kujera wannan ba komai ba ne, a cusa takarda a wuce. A ƙarƙashin kilo 300 na ruwa da gilashi, ita ce murɗewar da aka ambata.

Maganinsa haƙuri. A jera katakon a inuwa, inda iska ke ratsawa, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi, a bar shi wasu makonni. Wanda zai gantsare zai nuna halinsa tun kafin a yanka shi. A ɗaga kowane ɗaya a kanne ido a duba tsawonsa, a ware mai baka, da mai tsaga, da mai babban gurbin reshe a tsakiya.

Akwai kuma abin da bai kamata ya shiga aikin ba sam, wato allunan MDF da sauran na garin katako da aka matse da gam, waɗanda ake yin yawancin kayan ɗaki na zamani da su. Suna da santsi da kyan gani, amma da ruwa ya shiga gefensu sai su kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba sa komawa. Kusa da tankin kifi kuwa ba a rasa ɗigon ruwa.

Nauyi ya bi katako, kada ya bi ƙusa

Nan ne teburin kifi ya bambanta da teburin falo. A teburin da aka saba, ana manna katakon da ke kwance a gefen ƙafa ne a buga ƙusa. Duk abin da aka ɗora a sama, ƙusar ce ke riƙe da shi a rataye. Ga faranti da kofi ya wadatar. Ga tanki, ana roƙon ƙusoshi takwas ko goma su riƙe buhu shida har abada, a cikin katakon da ke kumbura da damina yana tsukewa da rani, ramin ƙusar yana ƙara faɗi kowace shekara.

Tsarin da ya dace shi ne katakon sama ya zauna a kan ƙafar, ƙafar ta zauna a kan katakon ƙasa, na ƙasa ya zauna a daɓe. Katako a kan katako har ƙasa. Aikin sukuru a nan shi ne hana su zamewa kawai. Hanya mai sauƙi ta gane teburi mai kyau ita ce mutum ya tambayi kansa: da za a zare duk sukurorin ba tare da an girgiza shi ba, zai ci gaba da tsayuwa? Idan amsar a'a ce, ƙarfe ne ke ɗauke da ruwan.

Ga tankin nan mai santimita 120 da 45, ana haɗa firam biyu masu girma ɗaya, na sama da na ƙasa, daidai da gindin tankin ko da ɗan rara kaɗan. Idan katakon kaurinsa santimita 5 ne, faɗinsa 10, kowane firam zai ci dogaye biyu masu 120 da gajeru masu 35 da za su shiga tsakaninsu, biyu a bakin firam, ɗaya ko biyu a tsakiya.

Katakon firam a tsaye ake sa shi, bisa siririn gefensa, ba a kwance bisa faɗinsa ba. Tu-bai-fo da aka tsayar haka ya ninka wanda aka kwantar sau huɗu wajen ƙin lotsawa, alhali katako ɗaya ne, kuɗi ɗaya.

Sai ƙafafu. A kowace kusurwa ana sa sanda ɗaya ta ciki wadda ta haɗe firam ɗin sama da na ƙasa, a ɗaure ta da sukuru, a kuma rage mata tsawo kaɗan don kada ta taɓa tankin ko daɓe. Ita jagora ce kawai. Masu ɗaukar kayan su ne guntaye biyu da ake cusawa a kowace kusurwa tsakanin firam da firam, ɗaya ƙarƙashin dogon katako, ɗaya ƙarƙashin gajere. Takwas ke nan. Idan ana son teburi mai tsayin santimita 75, kowanne zai zama 55, kuma dole tsawonsu ya zo ɗaya cif. Gara a ɗaure su tare a yanka lokaci guda da a auna kowanne daban. Wanda ya gaza da milimita biyu ba ya ɗaukar komai, 'yan uwansa ne ke yi masa aiki.

Kafin a ƙarasa ɗaure firam, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan a auna ɗayan gicciyen. A wannan girma kowanne zai ba da santimita 128 da ɗan ɗoriya. Idan suka bambanta, firam ɗin ya karkace. A huda ramin sukuru tukuna, musamman a jan katako da kusa da baki, don kada ya tsage, a kuma shafa gam ɗin katako a kowace mahaɗa.

Tsawo yana da nasa hukunci. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin ƙafafu, ruwan da ke sama ma ya ninku, lotsawar tsakiya ba ninki biyu take yi ba, sau goma sha shida take ƙaruwa. Maginan Hausa na da sun san haka da azara, ba sa barin ta yi nisa babu abin tokara, shi ya sa manyan soraye suke da bakan gizo. Tankin da ya wuce ƙafa huɗu yana buƙatar ƙafa a tsakiya, ko a yi firam ɗin sama da tu-bai-sikis.

A saman firam ana shimfiɗa filawud mai kaurin milimita 18. Tankin da ba shi da baki na roba a gindinsa, wanda gilashin ne zai taɓa teburi kai tsaye, ana sa masa shimfiɗar farin kumfan nan irin na cikin kwalin firji, falle ɗaya mai kauri daidai. Ƙwayar tsakuwa ɗaya ko kan sukurun da bai nutse ba ya isa ya fasa gindin tanki. Kumfan yana shanye irin wannan ƙaramin tudu, amma ba ya gyara teburin da ya karkace.

Turi daga gefe

Teburi yana iya ɗaukar tan guda daga sama, yaro ɗan shekara huɗu ya jingina da shi ta gefe ya kwantar da shi kamar kwalin da aka cire wa gindi. Firam mai kusurwa huɗu ba shi da ƙarfi ta wannan fuska sai an rufe shi. Allon filawud da aka ɗaure da gam da sukuru a baya da gefuna biyu yana kashe wannan girgiza gaba ɗaya. Wanda ba ya son rufewa ya gicciya katako daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa.

Tsayi ma abin lura ne. Daga santimita 70 zuwa 80 ya isa mai zaune a kujera ya ga kifinsa. Siririn teburi mai tsayi, da ruwa a kansa, nauyinsa duk a sama yake, kuma yaro da ya ga kifi zai nemi abin takawa. A gidan da ke da ƙananan yara, a ɗaure bayan teburin da bango da ƙarfe mai kusurwa. Aikin minti goma ne.

Daɓen da zai zauna

Daɓen ɗaki ba kasafai yake shimfiɗe yadda ido ke gani ba. A ajiye teburin a inda zai zauna, a ɗora ma'aunin magina mai kumfar ruwa a tsawonsa, da faɗinsa, da gicciye. Inda ya yi ƙasa a cusa siririn weji na katako mai tauri ko na roba a ƙarƙashin firam ɗin ƙasa. Ba a sa weji tsakanin tanki da teburi. Kwali da takarda kuma ba weji ba ne, suna laushi.

Firam ɗin ƙasa yana da wani amfani: yana baza nauyin. Ƙafafu huɗu tsirara suna tara kilo 300 a wurare huɗu ƙanana, kuma tayil ɗin da aka sa shi da rami a ƙarƙashi yana iya fashewa. A ƙwanƙwasa tayil ɗin, mai amo kamar ganga a guje shi.

Masu zama a bene su ƙara tunani. Ƙa'idojin gini sukan tsara daɓen ɗakin zama a kan kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, a baje a duk ɗakin. Tankin nan yana sauke kilo 300 a kan ɗan fiye da rabin murabba'in mita. Ginin da aka yi da kyau yakan ɗauka idan an jingina shi da bango mai ɗauke da gini ko kan bim, amma tsakiyar ɗaki da baranda ba wurinsa ba ne. Tankin da ya fi wannan girma sosai, a nemi injiniya kafin kafinta.

Gudun gara

A shafa wa teburin fenti mai mai ko banish, shafi biyu ko uku, har ciki da ƙarƙashi, musamman bakin katako inda aka yanka, don ta nan yake shan ruwa. A bar tazara tsakaninsa da bango yadda iska za ta wuce, ido kuma zai iya ganin hanyar gara idan ta fara gini.

Wajen maganin gara ne ake yin gudun gara a faɗa gidan zago. Magungunan ƙwari irin su cypermethrin da chlorpyrifos guba ne mai tsanani ga kifi, ɗan kaɗan ya isa ya kashe tanki guda. Idan za a shafa wa katakon magani, a yi a waje, a bar shi ya bushe sarai, a rufe shi da fenti, sannan a shigo da shi. Bayan an zuba kifi ba a fesa komai a jikin teburin. Haka ma maganin sauro na fesawa: a rufe tankin, a kashe famfon iska, don shi yana zuƙar iskar ɗaki ne ya tura cikin ruwa.

Famfon iskar nan yana da wata matsala da ta fi shafar ƙasar da ake yawan ɗauke wuta. Yawanci a cikin teburin ake ɓoye shi, ƙasa da ruwan tanki. Da wuta ta ɗauke ya tsaya, ruwa yana iya biyo siririn tiyon ya gangaro, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota, ya yi ta zuba cikin teburin har gari ya waye. Ɗan bawul da ke barin iska ta wuce ya hana ruwa komowa yana magance wannan, ko a rataye famfon sama da bakin ruwa. Soket kuma a ɗaure shi a sama a jikin teburin, kowace waya a bar ta ta yi lilo ƙasa kafin ta hau zuwa gare shi, yadda ɗigon da ya biyo ta zai faɗi ƙasa.

Masu tarwaɗa a bayan gida

Wannan lissafi bai tsaya a falo ba. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa da masu rainon 'ya'yan kifi sukan ɗaga akwatunansu a kan katako don ruwa ya riƙa fita da kansa idan an buɗe famfo. Farin tankin nan mai keji na lita 1,000, idan ya cika, tan guda ne, buhun siminti ashirin. A irin wannan nauyi, kuma a waje inda ƙasa ke jiƙewa kullum, ginin bulo ya fi katako hankali. Idan katakon ne dole, ƙafafunsa su zauna a kan bulo ko kankare.

Akwatin katako da ake shimfiɗa wa tamfol kuwa, katakon ne ke tare ruwan ta gefe, kuma turin yana bin zurfi. Ruwa mai zurfin mita ɗaya yana tura kowace mita ta bango da ƙarfin kilo 500. Bango mai tsawon mita uku yana fama da tan ɗaya da rabi, mafi yawansa a ƙasa. Idan aka rage zurfin zuwa rabin mita, turin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka katakon ɗauri ya fi yawa a ƙasa, kusurwoyi a ɗaure su da noti mai ratsa katako, dogayen bangaye kuma a haɗe su da juna ta sama da ta ƙasa don kada cikinsu ya fito.

Gwaji

Ranar da aka gama, kifi ba ya shiga. A ɗora tankin, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a tsaya. Ruwan da kansa ma'auni ne da ba ya ƙarya: a auna daga bakin gilashi zuwa fuskar ruwa a kusurwoyi huɗu. Idan sun bambanta, a kwashe ruwan a gyara weji, domin ba a ɗaga teburi ko ja shi da ruwa a kai. Idan sun daidaita a kai kashi biyu, a sake aunawa, sannan a cika. A shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa da cikin teburin, a bar shi kwana biyu ko uku. Ɗigo ɗaya zai nuna a takarda.

A sa ɗan alama da biro a gilashin, a kusurwoyin huɗu, daidai fuskar ruwa. A sake dubawa idan hunturu ya kankama, a kuma duba a tsakiyar damina. Ƙofar teburin da a da take rufuwa lafiya ta fara cijewa, ko tazara ta bayyana tsakanin gindin tanki da filawud har katin waya yana shiga, ko kumfa ta fito a cikin layin silikon, duk alama ce wani abu ya motsa. A ranar a kwashe kifin a bokiti da ruwansu, a rage ruwan tankin zuwa ƙasa da rabi, sannan a kira kafinta.